Daren da Najeriya ta hutar da Amurka hawa kujerar na-ƙi

Da yammacin Talata, 30 ga Disamba 2014, wakilan ƙasashe 15 na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya suka zauna a New York domin kaɗa ƙuri'a kan wani daftari da Jodan ta gabatar a madadin Falasɗinawa. Daftarin ya nemi a kammala sulhu cikin shekara guda, Isra'ila kuma ta janye daga yankunan da ta mamaye a 1967 kafin ƙarshen 2017. Ba wanda ya sa rai zai wuce, domin Amurka ta riga ta nuna ba za ta bari ba. Abin da Falasɗinawa ke nema shi ne ƙuri'a 9, adadin da zai tilasta wa gwamnatin Barack Obama hawa kujerar na-ƙi a bainar jama'a, a daidai lokacin da take lallashin ƙasashen Larabawa su mara mata baya a yaƙi da ƙungiyar IS. Suka sami 8, har da ta Faransa da ta Cadi. Amurka da Ostireliya suka ƙi, ƙasashe biyar kuma suka yi rowar ƙuri'a. Ta tara da kowa ya ɗauka tana hannu ita ce ta Najeriya, ƙasar da ta amince da ƙasar Falasɗinu tun 1988. Sakataren harkokin wajen Amurka John Kerry ya buga wa Shugaba Goodluck Jonathan waya kafin zaman, Benjamin Netanyahu ma ya ce ya buga masa. Da aka zo ɗaga hannu, Najeriya ta noƙe.

Lokacin dare ya yi nisa a Kazaure. Sai da gari ya waye, cikin sanyin hunturu, labarin ya iso ta akwatunan rediyon da ke teburan masu shayi a bakin titin Kano zuwa Daura, da majalisun Roni da Gwiwa, da Babura can bakin iyakar Nijar. A wannan yanki ba a ɗauki maganar Falasɗinu a matsayin labarin ƙetare ba. Tana cikin huɗubar Juma'a da alƙunutu, ga shi kuma wata biyar kacal kafin nan, a Yulin 2014, sojoji sun harbe mutum fiye da 30 a Zariya wajen jerin gwanon Ranar Ƙudus. Bayanin da aka fi ji a irin waɗannan majalisu kan matsayin Amurka gajere ne: wai Yahudawa ne ke riƙe da ƙasar, haka take tun fil'azal, haka kuma za ta dawwama. Bayanin yana da daɗin faɗa, sai dai tarihi bai goyi bayansa ba. Yahudawan Amurka ba su wuce kusan biyu cikin ɗari na al'ummar ƙasar ba, kuma kimanin bakwai cikin gomansu jam'iyyar Dimokurat suke zaɓa, wadda a yau ita ce mafi yawan masu sukar Isra'ila. Matsayin Amurka gini ne da aka ɗora bulo bayan bulo, da hannun 'yan siyasa masu lissafin ƙuri'a, da limaman coci, da janar-janar masu tsoron Tarayyar Sobiyat. An sha yin gardama a kansa, har an taɓa rushe wani ɓangare.

A ranar 14 ga Fabrairu 1945 Shugaba Franklin Roosevelt ya gana da Sarki Abdul'aziz na Saudiyya a kan jirgin ruwan yaƙi a mashigin Suez, ya yi masa alkawarin ba za a yanke hukunci kan Falasɗinu ba sai an shawarci Larabawa. Wata biyu bayan haka Roosevelt ya mutu, mataimakinsa Harry Truman ya gaji kujerar da alkawarin. Ma'aikatar harkokin waje da ta tsaro duka sun ja kunnen Truman kada ya goyi bayan kafa ƙasar Yahudawa, saboda man fetur ɗin Larabawa da gudun kada su faɗa hannun Mosko. A ɗaya gefen akwai hotunan sansanonin kisan da Hitila ya gina, da dubban ɗaruruwan Yahudawan da suka tsira suna zaune a sansanonin 'yan gudun hijira na Turai ba ƙasar da ke son karɓar su, har ita Amurkan. Akwai tsohon abokin Truman, Eddie Jacobson, Bayahuden da suka taɓa buɗe kantin sutura tare a birnin Kansas, wanda ya roƙe shi ya gana da jagoran sahayoniya Chaim Weizmann. Akwai kuma zaɓen Nuwamba 1948, wanda kowa ya ɗauka Truman zai faɗi.

Ranar 12 ga Mayu 1948 aka yi ta ta ƙare a Fadar White House. Mai ba shugaban shawara kan siyasa, Clark Clifford, ya kawo hujjojin amincewa da sabuwar ƙasar. Sakataren harkokin waje George Marshall, janar ɗin da ya tsara nasarar Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, mutumin da Truman ke girmamawa fiye da kowa, ya fusata. Ya ce wannan neman ƙuri'a ne kawai, kuma idan shugaban ya bi shawarar Clifford, shi kansa ba zai zaɓe shi ba. Kwana biyu bayan haka aka ayyana kafa Isra'ila, kuma minti 11 da fara aikin sanarwar Truman ya amince da ita. Duk da haka bai ɗage takunkumin sayar da makamai da ya sanya wa yankin ba. Makaman da Isra'ila ta yi yaƙin 1948 da su, wanda ya raba Falasɗinawa fiye da 700,000 da gidajensu, da yawansu daga Cekosulobakiya suka fito, da yardar Stalin.

Wanda ya gaji Truman ya fi ba da mamaki. A ƙarshen Oktoba 1956 Isra'ila da Ingila da Faransa suka haɗa baki suka auka wa Masar, bayan Gamal Abdel Nasser ya ƙwace mashigin Suez. Saura mako guda a yi zaɓen shugaban ƙasa a Amurka. Dwight Eisenhower, ɗan Rifablikan, bai ɗaga ƙafa ba. Ya kai ƙarar ƙawayen nasa Majalisar Ɗinkin Duniya, ya matse Ingila ta hanyar kuɗi har ta janye, ya kuma lashe zaɓen da gagarumin rinjaye, har da jihar New York, matattarar Yahudawan ƙasar. Da David Ben-Gurion ya ƙi fita daga Sina'i da Gaza, Eisenhower ya fito a talabijin a Fabrairun 1957 yana tambayar ko ya dace ƙasar da ta mamaye ƙasar wani da ƙarfin soja ta gindaya sharaɗin janyewarta. Barazanar takunkumi ta biyo baya, a watan Maris Isra'ila ta janye. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yaƙar wannan barazana a Majalisar Dattawa shi ne jagoran masu rinjaye, Lyndon Johnson, ɗan Dimokurat. A wancan zamani jam'iyyar Dimokurat da ƙungiyoyin ƙwadago da masu ra'ayin sauyi su ne masoyan Isra'ila, domin suna ganinta ƙaramar ƙasa ta 'yan gurguzu masu gonakin haɗin gwiwa. Rifablikan, jam'iyyar kamfanonin mai, ita ce mai ɗari-ɗari.

Mutumin Arewa bai kamata ya ji wannan a matsayin baƙon al'amari ba, domin a shekarun nan ne ƙasarsa ta yi irin wannan rabuwa. A 1960 gwamnatin tarayya ta karɓi rance daga Isra'ila, gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta ce ba ta buƙatar ko kwabo daga ciki. Jihar Yamma da ta Gabas kuwa sun riga sun buɗe wa kamfanonin gine-gine da masanan noma na Isra'ila ƙofa. Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan jam'iyyar Sardauna, ya tsaya a tsakiya: Isra'ila ta buɗe ofishin jakadanci a Legas, Najeriya ba ta buɗe nata a can ba. Duk wanda ya tambayi matsayin Najeriya a lokacin, sai a tambaye shi wace Najeriya yake nufi, ta Kaduna ko ta Ibadan ko ta Inugu.

Yaƙin kwana shida na Yunin 1967 ne ya sauya lissafin Washinton. Har zuwa lokacin Faransa ce babbar mai sayar wa Isra'ila makamai. John Kennedy ya ɗan buɗe ƙofa a 1962 da makamai masu kakkaɓo jirage. Amma ganin Isra'ila ta murƙushe sojojin Masar da Siriya masu ɗauke da makaman Sobiyat, a daidai lokacin da Amurka ke shan wuya a Biyetnam, ya sa janar-janar suka daina ɗaukarta kaya, suka fara ɗaukarta jari. Johnson, wanda yanzu shi ne shugaba, ya amince da sayar mata jiragen yaƙi samfurin Phantom a 1968. A Satumbar 1972 Amurka ta fara hawa kujerar na-ƙi domin kare Isra'ila, kuma daga nan ta maimaita fiye da sau 40.

Sai Oktoba 1973, watan da shawarar Fadar White House ta shigo har aljihun malamin firamare a Roni. Masar da Siriya suka kai harin ba-zata cikin azumin Ramadan, Isra'ila ta jigata a kwanakin farko, Richard Nixon ya ba da umarnin yi mata jigilar makamai ta sama, ya kuma nemi majalisa ta ba ta tallafin dala biliyan 2.2. Nixon ba masoyin Yahudawa ba ne. Faya-fayen da aka naɗa a ofishinsa cike suke da munanan kalamai a kansu. Abin da ya dame shi shi ne kada makaman Mosko su yi galaba a kan na Amurka. Ƙasashen Larabawa ƙarƙashin jagorancin Sarki Faisal suka hana Amurka mai, farashin ganga ya tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan 12 cikin 'yan watanni. Gwamnatin Yakubu Gowon ta yanke hulɗa da Isra'ila a watan, kamar yawancin ƙasashen Afirka, amma ba ta shiga takunkumin man ba. Ta ci gaba da sayar wa Amurka a sabon farashi. Daga wannan kuɗi aka biya ƙarin albashin Udoji, aka ƙaddamar da ilimin firamare kyauta a 1976, mahajjatan Najeriya suka haura 100,000 a 1977. Kazaure da Babura suna cikin Jihar Kano a lokacin, sai a 1991 aka yanke Jigawa. Babura da rediyoyi suka cika garuruwa, a shekarun da fari da cutar gyaɗa suka karya abin da manoman yankin ke sayarwa su sami kuɗi. Ba kasafai ake haɗa labaran nan biyu wuri guda ba, alhali tushensu ɗaya.

Daga nan tallafin ya kafu, amma gardamar ba ta mutu ba. Gerald Ford ya dakatar da sababbin yarjejeniyoyin makamai a 1975 domin ya matsa wa Isra'ila, sanatoci 76 cikin 100 suka rubuta masa wasiƙa, ya sassauto. Jimmy Carter, wanda ya ziyarci Legas a 1978, shi ne shugaban Amurka na farko da ya fito fili ya ce Falasɗinawa na buƙatar ƙasar zama tasu. Jakadansa a Majalisar Ɗinkin Duniya, Andrew Young, baƙar fata kuma na hannun daman Martin Luther King, aminin Olusegun Obasanjo, ya gana a ɓoye da wakilin ƙungiyar PLO a New York a Yulin 1979, abin da ya saɓa wa alkawarin da Henry Kissinger ya yi wa Isra'ila a 1975. Cikin Agusta ya ajiye aiki. Saukarsa ta ɓata wa shugabannin baƙar fata rai ƙwarai. Wasunsu suka tafi Gabas ta Tsakiya suka gana da Yasser Arafat, cikinsu har da Jesse Jackson, wanda a 1988 magoya bayansa suka sa aka yi muhawara kan ƙasar Falasɗinu a babban taron jam'iyyar Dimokurat. Irin da ya tsiro a jam'iyyar shekaru 30 daga baya, a nan aka shuka shi.

A ɗaya jam'iyyar kuma wani iri ne daban. Tun 1891, shekara shida kafin Theodor Herzl ya kira taron sahayoniya na farko, wani mai wa'azin Kirista, William Blackstone, ya kai wa Shugaba Benjamin Harrison takardar koke mai sa hannun manyan mutane fiye da 400 yana neman a mayar da Yahudawa Falasɗinu. Aƙidarsa ita ce komawar Yahudawa ƙasar alkawari cikar annabci ce, kuma share fage ne ga dawowar Almasihu. Wannan aƙida ta daɗe a cocin Ibanjelika ba tare da tasirin siyasa ba, har sai da kama Birnin Ƙudus a 1967 ya zama musu tamkar tabbaci. Lokacin da Jerry Falwell ya kafa ƙungiyar Moral Majority a 1979 ya kai mabiyansa rumfar Rifablikan, goyon bayan Isra'ila na cikin kayan da ya tafi da su, Firayim Minista Menachem Begin kuma ya rungume shi. Fararen fata 'yan Ibanjelika sun kai fiye da ɗaya cikin biyar na masu kaɗa ƙuri'a, kusan takwas cikin gomansu Donald Trump suka zaɓa. Shi kansa Trump ya faɗa a wajen yaƙin neman zaɓe a 2020 cewa saboda su ya mayar da ofishin jakadancin Amurka Birnin Ƙudus, kuma sun fi Yahudawa murna da hakan.

Wannan ba ya nufin ƙungiyar AIPAC, mai fafutukar kare muradun Isra'ila a majalisa, tatsuniya ce. Ƙarfinta na gaske ne, amma yana da iyaka, kuma ba a ɓoye yake ba. A 1981 ta yi iya ƙoƙarinta ta hana Ronald Reagan sayar wa Saudiyya jiragen leƙen asiri na AWACS, ta sha kaye a Majalisar Dattawa da ƙuri'a 52 da 48. Darasin da ta ɗauka shi ne ta koma mazaɓu. Faɗuwar ɗan majalisa Paul Findley a 1982 da Sanata Charles Percy a 1984, waɗanda masu goyon bayan Isra'ila suka zuba kuɗi don kayar da su, ta koya wa sauran cewa sukar Isra'ila na da tsada, yabonta kuwa kyauta ne. Ɗan majalisar da mazaɓarsa ba ta damu da Gabas ta Tsakiya ba, ya san wanda zai zaɓa. Shugabanni kan iya jurewa. Reagan ya buga wa Begin waya cikin fushi a Agustan 1982 kan ruwan bama-bamai a Beirut, ya kuma buɗe tattaunawa da PLO a 1988. George Bush babba ya riƙe lamunin rancen dala biliyan 10 a 1991 saboda gina matsugunan Yahudawa a yankunan da aka mamaye. Ya faɗi zaɓen 1992, galibi saboda tattalin arziki, amma 'yan jam'iyyarsa sun karanta faɗuwar a matsayin gargaɗi, ɗansa ma bai bi sawunsa ba.

Najeriya ma ba ta zauna wuri guda ba. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta hana Sarkin Kano Ado Bayero da Ooni na Ife Okunade Sijuwade fita daga masarautunsu na wata shida saboda sun ziyarci Isra'ila. Shekara takwas bayan haka Janar Ibrahim Babangida ya maido da hulɗa. A 2013 Jonathan ya zama shugaban Najeriya na farko da ya je ziyarar ibada Isra'ila yana kan mulki, kuma cocin Fentikostal na Kudu, masu aƙida kusa da ta takwarorinsu na Amurka, suna cikin ginshiƙan siyasarsa. A 2014 yana neman makaman yaƙi da Boko Haram, Amurka ta hana Isra'ila sayar masa da jirage masu saukar ungulu ƙirar Amurka saboda zargin sojojin Najeriya da take haƙƙin bil'adama. Zaɓe kuma saura makonni. Shugaban da ke neman makami a wurin ƙasashen biyu, wanda ba ya sa ran ƙuri'a mai yawa daga Kano ko Jigawa, shi aka buga wa waya a ƙarshen Disamba. A Maris 2015 Jigawa ta zaɓi Buhari da gagarumin rinjaye, a Afrilu ɗan Babura, Muhammad Badaru Abubakar, ya ci gwamna. Boko Haram da tattalin arziki ne suka yanke wannan hukunci, ba ƙuri'ar New York ba. Amma lokacin da Trump ya amince da Birnin Ƙudus a matsayin babban birnin Isra'ila a Disambar 2017, har ya yi barazanar yanke tallafi ga duk ƙasar da ta soke shi, Najeriya na cikin ƙasashe 128 da suka yi watsi da matakin a babban zauren majalisar. Ƙasar ɗaya ce, masu zaɓen da shugaban ke saurare ne suka bambanta.

Abin da ke faruwa a Amurka yanzu ke nan, sai dai a hankali. Netanyahu ya taimaka wajen raba kan jam'iyyun lokacin da ya karɓi gayyatar 'yan Rifablikan ya yi jawabi a majalisa a Maris 2015 yana yaƙar yarjejeniyar nukiliyar Obama da Iran. 'Yan Dimokurat fiye da 50 suka ƙaurace. A farkon 2023, tun kafin yaƙin Gaza, ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup ta nuna a karon farko 'yan Dimokurat masu tausaya wa Falasɗinawa, kashi 49, sun zarce masu tausaya wa Isra'ilawa, kashi 38. Sai harin Hamas na 7 ga Oktoba 2023, wanda ya kashe kusan mutum 1,200 aka kuma yi garkuwa da kusan 250, da martanin Isra'ila wanda ma'aikatar lafiya ta Gaza ta ce ya kashe fiye da 60,000 zuwa ƙarshen Yulin 2025. Matasan Amurka sun kalli wannan a wayoyinsu, kamar yadda matasan Kazaure suka kalla, ba ta hannun editocin talabijin ba. A Fabrairun 2024 mutum fiye da 100,000 a jihar Michigan suka ƙi zaɓen Joe Biden a zaɓen fid da gwani, a Nuwamba Trump ya ci birnin Dearborn, cibiyar Larabawan Amurka. Binciken Pew na 2025 ya nuna kashi 53 na Amurkawa na yi wa Isra'ila kallon rashin yarda, daga kashi 42 a 2022. Ko a rumfar Rifablikan, matasa da masu ra'ayin Amurka ta fara da kanta sun soma tambayar dalilin kashe kuɗin.

Sai dai ra'ayin jama'a daban, majalisa daban. A 2024 ɓangaren AIPAC mai kashe kuɗin zaɓe ya zuba fiye da dala miliyan 20 wajen kayar da 'yan majalisa biyu baƙar fata, Jamaal Bowman da Cori Bush, ya kuma yi nasara. A Yulin 2025 Sanata Bernie Sanders, Bayahude wanda dangin mahaifinsa suka halaka a hannun 'yan Nazi, ya gabatar da ƙudurin hana sayar wa Isra'ila bindigogi. Sanatoci 27 suka goyi baya, fiye da rabin ɓangaren Dimokurat, adadin da ba a taɓa samu ba. 70 suka ƙi, har da duk 'yan Rifablikan da suka kaɗa ƙuri'a. Makaman suka tafi. Tallafin soja na dala biliyan 3.8 a kowace shekara yana gudana ne bisa yarjejeniyar shekara goma ta dala biliyan 38 da Obama, wanda ake cewa ba ya ga-maciji da Netanyahu, ya amince da ita a 2016. Wa'adinta zai cika a 2028, shekarar da jam'iyyun biyu za su fid da sababbin 'yan takarar shugaban ƙasa, kuma zaɓen fid da gwani na Michigan na cikin waɗanda za su ratsa.